Surukina Mai Kwalabe

Ranar da aka kai Baba, uban mijina, makwancinsa, ni ce mai raba ruwa. Ba wanda ya sa ni. Na dai ga randa, na ga moɗa, na ga mata sun cika tsakar gida har bakin turken awaki, sai hannuna ya kama aikin da kansa. In ɗebo, in miƙa, in karɓi moɗar, in sake ɗebowa. Kowa ya ce mini ya haƙuri, sai in ce da godiya. Bakina ne yake faɗa, ni kuwa ina can gefe ina sauraro kamar da wata ake.

Kunnena dai bai mutu ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta dafa kafaɗar Inna, uwar mijina, ta ce, "Allah shi jiƙan shi. Ya huta, ku ma kun huta." Inna ba ta ɗago ba. Wata kuma ta jawo ni kusa, ta rage murya ta ce, "Ke, an rufe ɗakin nan kuwa? Kada a bar yara su matsa. Wa ya san abin da ya ɗaure cikin kwalaben can?" Na ce a rufe yake, na miƙa mata ruwa.

Daga zaure kuma ina jiyo maza. Wani ma'aikacin kwastan yana ba da labarin yadda marigayi ya taɓa tsare musu layin motoci don ya kama fara guda da ta maƙale a gilashin wata babbar mota. Dariya ta ɓarke, sai kuma aka tuna inda ake, aka bi ta da istigfari. Ban ji haushinsu ba. Ban ji komai ba.

Waɗanda ba su yi dariya ba su ne 'yan dako, mutanen ƙauyukan Maraɗi da ke sauke kaya a tasha. Sun baro aiki da rana tsaka, suka zo da ƙurar buhu a jikinsu, suka zauna a rana. An shimfiɗa musu tabarma suka ƙi hawa. Da aka fito da makara, mai gidana ya gaya mini su ne suka karɓe ta, daga kafaɗar wannan sai ta wancan, har maƙabarta ba su bar ɗan gari ya kama ba sai da ƙyar.

Yau kwana arba'in. An yi addu'a, an raba gumba, an watse. Na lura labarin da ya rage a bakin mutanen Jibiya shi ne na mahaukacin ɗan boko mai kwalabe. Ba ƙarya suke yi ba, duk abin da suke faɗa ya yi shi. Amma ni na zauna gida ɗaya da shi shekara shida, shi ya sa na ɗauki littafin rubutu daga cikin na yaran da nake koyarwa na zauna. Hawaye dai ya ƙi zuwa, bari in ga ko rubutu zai zo.

Baba ya yi aikin gwamnati shekaru masu yawa a wani ɗakin gwaje-gwaje na harkar noma can wajen Zariya. Ƙwari da irin shuka su ne karatunsa. Da ya yi ritaya ya dawo gida da akwatuna uku: ɗaya na littattafai, ɗaya na kwalabe, ɗaya kuma na madubin nan na ƙarfe mai ƙafa da ake leƙa ƙananan halittu da shi. Kayan sawarsa a ƙunshe cikin zane suka zo.

An kawo ni gidan daga Mazanya da kwana tara, ban ko fara cire lulluɓi ba, sai na ji an tsaya a ƙofar ɗakina ana cewa, "Ɗiyata, taho ki ga wani abu." Uban miji ne da kansa, a ƙofar amarya. Na rasa inda zan sa kaina. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"Malam, surukarka ce hwa! Ina kunya?"

"To, suruka ba ta da ido ne?"

Haka na bi shi, kaina a ƙasa. Ya ɗiga ruwan randarmu a kan ɗan gilashi, ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Na leƙa, na ja da baya ina salati. Wasu abubuwa ne ke iyo, masu gashi, masu wutsiya, suna ture juna kamar 'yan kasuwa.

"Mi kika gani?"

Na ce, "Aljanu, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "Bayin Allah ne kamarki, sai dai ba su da kirki a ciki. Ki riƙa tafasa ruwa." Wuni biyu ban iya shan ruwa ba. Amma tun daga ranar ba a sake shan ɗanyen ruwa a ɗakina ba, kuma 'ya'yana uku ba wanda gudawa ta taɓa kwantarwa.

Farar rigar aikinsa ta da yake ɗorawa a kan kaftani, aljihunta cike da ashana, zare, da ƙananan kwalabe. Wanzami sai Inna ta aika a kira shi, in ba haka ba sumar ta yi ta tohowa ta gefen hula. Yakan fita da takalmi ƙafa ɗaya nasa, ƙafa ɗaya na ɗansa, in an nuna masa ya duba ya ce, "Duk suna tafiya." Wata Juma'a ya manta da kwaɗo a aljihu ya shiga masallaci, ana tsakiyar huɗuba kwaɗon ya yi kuka. Sai da dattawan unguwa suka zo gida a kan wannan.

Lokacin kuɗin fetur ya shigo gari. Titin kan iyaka ba ya hutawa, manyan motoci na haurawa Maraɗi da hatsi da mai, suna dawowa da dabbobi da wake. Wanda jiya yake kan jaki yau ya sayi babur. Kowa yana neman abin da zai saya ya sayar, Baba kuwa yana bakin shingen kwastan yana roƙon direbobi. Abin da yake roƙo shi ne hatsi cikin tafin hannu, da sunan garin da aka nome shi. Ya kawo gida, ya shanya, ya zuba a kwalba da toka, ya rubuta sunan garin ya manna. Ɗakinsa har rufi kwalabe ne. Daga nan sunan Mai Kwalabe ya bi shi.

Wasu direbobi abokan mai gidana suka je sinima a Katsina, suka ga wani fim na Turawa da wani tsoho mai buzu-buzun gashi yake haɗa ruwaye masu hayaƙi don ya halaka duniya. Suka dawo suna rantsuwa sun ga Baba a majigi. Labari ya bazu, har yara suna leƙen katanga ko za su ga hayaƙi. Mai gidana ya ji zafin abin, ya zo ya faɗa masa yana huci. Baba ya saurara da kyau, sannan ya tambaya, "Shi wancan, cikin awa nawa ya gama aikinshi?"

"Kamar awa biyu."

"To ba ɗan'uwana ba ne. Ni shekara goma sha ɗaya ina jiran ƙwaron wake shi gaya mini abin da ya ƙi jini, har yau bai buɗe baki ba."

Maganarsa ta kullum ita ce, "Ban sani ba tukuna." Ko mene ne ka tambaye shi, da ita zai fara. A garin da kowane mai shayi ya san dalilin fari da ranar tashin duniya, mutumin da ya yi karatu har gashinsa ya yi fari yana cewa bai sani ba, ai dole a ce da motsi a kansa.

Ba zan ce zama da shi daɗi ne zalla ba. Tukunyar miyar Inna ya sha dafa ganyaye masu wari a ciki. Ranar ɗaurin auren autarsa aka neme shi aka rasa, ashe wani manomi ya ce masa fara ta ƙyanƙyashe a wani fage wajen Magama, ya hau keke ya tafi. Sai waliyyi aka sake. Yarinyar ta yi kuka har idonta ya kumbura, kuma har ta bar gidan bai gane laifin da ya yi ba. Ya kawo mata 'ya'yan fara a kwalba wai ta gani. Akwai kuma shekarar da ya cika durom da kashin shanu ya ce zai fitar da iskar girki, alhali kananzir ya fi ruwan sha araha a garin. Durom ya fashe, rumfar zaure ta kama, rabin gemunsa ya tafi. Muna ta kwasar ruwa muna kashe wuta, shi yana tsaye yana cewa, "Kun gani? Tana ci! Iskar tana ci!" Inna ta yi wata guda ba ta kai masa tuwo da hannunta ba.

Sai shekarar da ta biyo bayan babban fari.

Mutane sun gangaro daga arewa ba adadi, mata da tsofaffi, shanunsu sun mutu, rumbunansu sun koma ɗakin ɓeraye. Hatsi ya zama zinariya. Baffa, ƙanin Baba uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babban ɗan kasuwar hatsi a danginmu, kuma motarsa mai gidana yake ja. Baffa mutum ne mai kyauta, shi ya yi wa rabin dangi aure, ba zan ɓoye wannan ba. A wannan shekarar ya samo dawa mai araha daga wani dillali a kudu, mota guda cur, zai haura da ita Maraɗi.

Baba ya je sito kamar yadda ya saba, ya roƙi cikin tafin hannu. Ya dawo yana shinshina hannunsa. Na ga ya zuba ƙwayar a farin faranti, ya ɗiga ruwa, ruwan ya yi ja-ja. Ya kama kajin Inna uku ya kulle a akurki, ya riƙa ba su dawar. Kwana na biyu suka daina tsayuwa. Kwana na uku da hantsi suka mutu.

Ashe iri ne na shuka, wanda aka shafe da garin maganin ƙwari, wani ya wanke shi sama-sama ya sake zubawa a buhu ya sayar a matsayin abinci.

Ya aika aka kira Baffa, suka shiga zaure su biyu. Ina tankaɗe a bayan katanga, duk na ji.

"Dawar nan guba ce. Kada ta tahi."

"Yaya, kaji sunka mutu, sai ka ce mutane? Kaza ko iska ta buge ta mutuwa take."

"Mutumin da ya yi wata uku bai ƙoshi ba, ƙarhinshi bai hi na kaza ba. Yara za su fara tahiya."

"An wanke ta, an ce mini an wanke ta! Dukiyata duka tana cikin motar nan. Kai ka taɓa neman na kanka? Mu muna riƙe da gidanka, kai kana wasa da ƙwari. Wallahi mutane gaskiya suka faɗa, bokon nan ya taɓa ka."

Baba ya ce, "Wataƙila. Amma wannan karon na sani."

Ban taɓa jin ya faɗi haka ba sai ranar.

Washegari da safe aka gama lodi a tasha. Mai gidana ya hau, ya tayar da mota. Sai ga Baba ya ratso cikin mutane da farar rigarsa, ya ɗaure matattun kajin nan uku da igiya ya rataya a wuya, sun fara wari. Ya zo gaban motar ya kwanta a ƙasa, ya sa kansa daidai taya. Ni ban je ba, mace ba ta zuwa tasha haka kawai, amma mutum goma sun ba ni labarin kuma bakinsu ɗaya. Tasha ta cika. Wasu na dariya, wasu na cewa a kawo igiya a ɗaure shi, abin ya motsa. Shi kuwa yana kwance yana faɗa da ƙarfi, ba tare da fushi ba, kamar mai karanta sanarwa: "Dawar cikin motar ga guba ce. Ga kajin da sunka ci. Wanda bai yarda ba shi ɗiba shi ba nashi kajin."

Baffa ya zo taga ya ce wa mai gidana, "Ja da baya ka kewaye shi."

Mai gidana ya ce mini a ransa ya ji kunyar duniya ta taru a kansa, ubansa a ƙasa da mushe a wuya, abokansa na kallo. Ya ce ya so ƙasa ta tsage. Amma ya tuna tun yana yaro bai taɓa kama tsohon nan da ƙarya ba, ko ta wasa. Sai ya kashe mota, ya zare makulli, ya sauko ya durƙusa ya sa shi a hannun ubansa.

Magana ta kai ga hukuma. Aka ɗebi dawar aka tafi da ita gwaji, aka dawo aka ce a haƙa rami a ƙone ta. Baffa ya yi asarar da bai taɓa yin irinta ba, sai da ya sayar da motar. Mai gidana ya yi kusan shekara ba aiki, muka ci tuwo ba miya. Dangi suka rabu biyu, kuma mafi yawa bayan Baffa suka bi, don shi ke da abin bayarwa. Suka ce ko gaskiya ce, ai ba a tona asirin ɗan'uwa a tasha. Ni a ganina Baffa bai sani ba da farko, daga baya kuma bai so ya sani ba. Tun daga ranar bai sake taka gidanmu ba. In sun haɗu a masallaci kowa ya bi ƙofarsa. Shekara huɗu.

Abin da gari ya riƙe daga wannan rana shi ne kaji a wuya. Har waƙa yara suka yi. Mutanen da ba su ci dawar ba kuwa ba su san an yi ba, suna can garuruwansu da ransu.

Da damina ta matso a shekarar, 'yan dako suka fara zancen komawa gida, amma ba iri. Yunwa ta sa an cinye shi. Wanda ake rabawa na agaji kuma baƙon iri ne, ba ya nuna kafin ruwansu ya ɗauke. Wata safiya Baba ya sa na taya shi fito da kwalabe tsakar gida, ya ce in yayyaga tsohon zanena ƙanana-ƙanana. Ya aika tasha. Suka zo suna raɓe-raɓe, don su ma suna tsoron ɗakin. Kowa ya shigo sai ya tambaye shi, "Kai ɗan wane gari ne?" In ya faɗa, sai Baba ya bi layi da yatsa, ya ciro kwalba, ya juye a tsumma in ƙulle.

Wani dattijo a cikinsu ya kwance ƙullinsa ya duba, ya sa ƙwaya ɗaya a baki. Sai ya zauna a ƙasa.

"Wanga geron ubana ne. Malam, ina ka same shi? Mu da munka nome shi ba mu da ko ƙwaya."

"Wani direba ya ba ni, shekara biyar ke nan. Ba shi da yawa. Kada ka ci, ka shuka a bayan ɗaki, baɗi ka raba ma maƙwabta."

Aikin shekara da shekaru ya rabar a wuni uku. Na ce, "Baba, ba za ka rage ba?" Ya ce, "Ɗiyata, iri a kwalba fursuna ne." Da kaka ta yi kuma suka riƙa dawo masa da zangarniya ɗaya-ɗaya, ya sake cika kwalabensa.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Zazzaɓi ne na kwana huɗu a farkon daminar bana. Ya hana a kai shi asibitin Katsina, ya ce ya san hanyar, ramukanta za su riga ciwon. Yana kwance yana taɓa jijiyar hannunsa yana gaya mana yadda take bugawa, kamar jikin wani ne. Ranar ta huɗu bayan azahar, Inna tana gefensa, ni ina yi masa fifita, mai gidana yana karanta masa kalmar shahada yana amsawa. Ya yi shiru, muka ɗauka shi ke nan. Sai ya buɗe ido ya yi tambaya guda, aka ba shi amsa, ya ce alhamdu lillahi. Bai sake magana ba.

Baffa bai zo jana'iza a sahun gaba ba, an ce a baya ya tsaya. Bai zauna zaman makoki ba. Sai ranar sadakar bakwai da la'asar, bayan mutane sun ragu, na fito zubar da ruwan wanke-wanke na gan shi tsaye a ƙofar gida. Ya rame, babbar rigar ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon bango.

"An ce kina wurin."

"Ina wurin, Baffa."

Ya daɗe yana murza hularsa a hannu. "Ya ambace ni?"

Na san abin da yake so ya ji, kuma ba wanda zai ƙaryata ni in na faɗa. Kalmar tana bakina. Amma na zauna da mutumin nan shekara shida, na kasa.

"A'a, Baffa. Bai ambaci kowa ba."

"To mi ya ce?"

"Tambaya ya yi, wai an yi ruwa a Mazanya?"

Baffa ya dube ni. Sai dariya ta kuɓuce masa, ƙarama, ta hanci. "Ruwa a Mazanya," ya ce. "Kai, Yaya. Kai, Yaya." Dariyar ba ta tsaya ba, ta juye ta zama wani abu, ya dafa katanga ya sulale ya zauna a dandamali, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa. Dattijo mai jikoki, a bakin hanya, babura na wucewa.

Ina tsaye da kwano a hannu ina kallonsa. Na jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina, bai motsa ba. Da ya lafa na ce, "Baffa, ka shigo. Inna tana ciki." Ya share fuska, ya cire takalmansa tun daga waje, ya shiga.

Iyakar abin da na sani ke nan game da uban mijina. Allah ka san bawanka fiye da yadda garinsa ya san shi. Ka yafe masa abin da ya ɓata wa iyalinsa ba da nufi ba, ka sa abin da mutane suka shuka daga hannunsa ya zame masa inuwa, ka yalwata masa kabarinsa. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani.